Amsar Tambayoyin Masu Sauraro: Gidan Faifai Ya Mutu, Yaya Za A Ɗora Wa Kwamfuta Linux?

Wasiƙu uku muka zaɓo a wannan mako, kuma duk ukun a kan magana ɗaya suke, don haka za mu haɗa su mu amsa a zama guda.

Ta farko ta fito ne daga wani mai sauraronmu a Zariya, wanda ke da shagon buga takardu. Ya ce yana da kwamfutar tafi-da-gidanka ta hannu, mai Windows 10, kuma an gaya masa kamfanin ya daina kula da wannan manhaja. Ya gwada ɗora Windows 11 ta ƙi. Wani ɗalibi ya ba shi shawara ya koma Linux, to amma gidan faifan kwamfutar ya daɗe da mutuwa, ko ya sa faifai sai dai ya ji ƙara ya tsaya. Mai gyara ya ce sai ya sayi sabon gidan faifai tukuna. A cikin kwamfutar kuwa akwai aikin mutane, har da kundin binciken ɗalibai da ba su karɓa ba. Tambayarsa ita ce, shin dole ne ya sayi wannan na'ura, kuma me zai sami takardun da ke ciki?

To, Malam, mun gode da wannan wasiƙa. Amsar kashi na farko gajera ce. Ba dole ba ne, ka riƙe kuɗinka. Filashin nan da ake kwafar waƙoƙi da takardu a ciki zai yi maka duk aikin da faifai zai yi, kuma ya fi shi sauri. Kashi na biyu na tambayarka, wato maganar takardun mutane, shi ne inda hatsarin yake, kuma a kansa za mu fi jan kunne.

Abin da aka gaya maka game da Windows 10 gaskiya ne. Kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen kulawar da yake yi mata ta yau da kullum a ranar 14 ga watan Oktoba na 2025. Ita kuma Windows 11 tana neman wata 'yar na'urar tsaro da ake kira TPM 2.0, da kuma injin sarrafawa na baya-bayan nan, shi ya sa tsofaffin kwamfutoci da yawa ba sa karɓarta, alhali lafiyarsu ƙalau.

Saboda waɗanda ba su san Linux ba, bari mu ɗan yi bayani. Kowace kwamfuta tana da babbar manhaja, wadda ita ce ke tashi da zarar an kunna, sauran manhajoji kuma a kanta suke hawa. Windows irin wannan ce, Linux ma haka. Wani ɗalibi ne a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finland, mai suna Linus Torvalds, ya fara rubuta zuciyar Linux a 1991, aka haɗa ta da kayan aikin shirin GNU wanda Richard Stallman ya kafa a Amurka a 1983. Bambancinta da Windows shi ne tushenta a buɗe yake. Kowa yana da izinin ya kwafa, ya duba yadda aka rubuta ta, ya gyara, ya ba maƙwabcinsa, ba tare da ya karya doka ba. Wayar Android da ke aljihunka ma a kan zuciyar Linux aka gina ta. Sai dai Linux iri-iri ce, domin ƙungiyoyi dabam-dabam ne ke harhaɗa ta. Akwai Debian, wadda aka fara a 1993. Akwai Ubuntu, wadda Mark Shuttleworth, mutumin Afirka ta Kudu, ya fito da ita a 2004. Akwai kuma Linux Mint, wadda ta biyo baya a 2006.

A da, lalle da faifai ake ɗora su. Har kyauta masu Ubuntu suke aiko da faifan ta gidan waya zuwa ko'ina a duniya, kafin su daina a 2011. Amma zamani ya wuce wurin. Faifan CD megabait 700 yake ɗauka, kuma tun 2012 Ubuntu ta fi ƙarfinsa. Faifan DVD na yau da kullum gigabait 4.7 yake ɗauka, ita kuwa Ubuntu ta 2024 ta kusa gigabait 6. Ka ga ke nan ko da gidan faifanka yana aiki, ba lalle ne ya fitar da kai ba. Yawancin kwamfutocin tafi-da-gidanka da ake ƙerawa yanzu ma ba a sa masu gidan faifai sam.

To, yanzu ga yadda ake yi, sai a saurara da kyau.

Kafin komai, kwashe takardunka. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Nemi wata ma'adana ta waje, ko wani filashi dabam, ka kwafe duk abin da ba ka son rasawa: takardun mutane, hotuna, lissafin shago, da abin da ke kan fuskar kwamfuta da wanda ke cikin jakar saukarwa. In ka gama, kai wannan ma'adana wata kwamfutar ka buɗe fayiloli biyar ko goma, ka tabbata suna buɗuwa. Kada ka ajiye kwafin a wani ɓangare na cikin kwamfutar da kanta, ka ce ai yana D ba ya C. C da D sau da yawa ɗakuna biyu ne a cikin gida ɗaya, wato ma'adana ɗaya ce aka raba, kuma in aka ce a share ma'adanar, duka biyun za su tafi. Idan kuma Windows ɗinka tana da makullin da ake kira BitLocker, to ka nemo lambarsa mai alƙaluma 48 ka rubuta a takarda ka ajiye, don wani lokaci taɓa saitin tashin kwamfuta kan sa ta nemi wannan lamba.

Na biyu, ka san ƙarfin kwamfutarka, don ka zaɓi Linux da ta dace da ita. A cikin Windows, danna alamar kwamfutar da maɓallin dama na linzami, ka shiga bayananta, za ka ga yawan RAM da kuma ko injin mai 64 ne ko mai 32. In RAM ɗinka ya kai gigabait 4, muna ba ka shawarar Linux Mint, domin tsarinta ya yi kama da Windows da ka saba da ita. In gigabait 2 ne, ɗauki Linux Mint nau'in Xfce, ko Lubuntu, sun fi sauƙin nauyi. Masu Linux Mint sun ce mafi ƙaranci a sami RAM gigabait 2 da fili gigabait 20.

Na uku, sauke fayil ɗin. Sunansa yana ƙarewa da haruffa uku, I-S-O, kuma shi hoton faifai ne sukutum a cikin fayil guda. Na Linux Mint ya kusa gigabait 3, saboda haka sai ka tanadi data, ko ka je inda intanet ke da ƙarfi. Daga shafin masu manhajar kaɗai za ka sauke, ban da wanda wani ya turo maka ta waya ba ka san asalinsa ba. Intanet ɗinmu kuwa kun san halinta, takan yanke a tsakiya, fayil ya zo a gutsure amma a ido kamar cikakke. Shi ya sa masu manhajar ke buga wata doguwar lamba mai suna SHA256 kusa da fayil ɗin. Akan sa kwamfuta ta lissafa lambar fayil ɗin da aka sauke, a gwada da tasu. In sun yi daidai, fayil ya cika. In harafi ɗaya ya saɓa, sai a sake saukewa.

Na huɗu, shirya filashi. Mai gigabait 8 ya isa Linux Mint, mai 16 kuwa ya isa kowace. A nan mutane da yawa ke kuskure. Sai mutum ya ja fayil ɗin ya jefa cikin filashi kamar yadda ake kwafar waƙa, ya kunna kwamfuta, ya ga shiru. Ba haka ake yi ba. Sai an rubuta hoton faifan a jikin filashin ta yadda kwamfuta za ta iya tashi daga kansa, kuma akwai ƙananan manhajoji na kyauta masu wannan aiki. Wadda aka fi sani a Windows ita ce Rufus, R-U-F-U-S. Akwai balenaEtcher, akwai kuma Ventoy, wadda ita in an shirya filashi da ita sau ɗaya, daga nan sai dai a riƙa jefa fayilolin ISO ciki, ko guda nawa ne. Mai Windows 7 ya nemi Rufus 3.22, don waɗanda suka biyo bayanta ba sa aiki a kan Windows 7. Ka buɗe Rufus, ka zaɓi filashinka, ka zaɓi fayil ɗin, ka danna farawa. Sai dai ka sani duk abin da ke cikin wannan filashi zai goge. Kuma kafin ka danna, cire duk wata ma'adana da ke maƙale da kwamfutar, musamman wadda ka kwashe takardunka a ciki, kar ka zaɓe ta bisa kuskure.

Wani abu kuma, a kula da filashin jabu. Akwai waɗanda aka rubuta masu gigabait 32 ko 64 a jiki, alhali cikinsu bai kai haka ba. Irin wannan yakan nuna an gama rubutawa lafiya, sai an zo tsakiyar ɗorawa aiki ya tsaya. Araha ba ta ado. Rufus tana da wurin da za ka sa ta binciki lafiyar filashi kafin ta rubuta, yana ɗaukar lokaci amma ya fi.

Na biyar, tayar da kwamfuta daga filashi. Kashe ta gaba ɗaya, soka filashin, kunna, kuma nan take ka riƙa danna maɓallin zaɓen tashi, tun kafin alamar Windows ta bayyana. A Dell da Lenovo da Toshiba galibi F12 ne. A HP F9 ne, ko ka fara danna Esc. A Acer ma F12 ne, amma wani lokaci sai an kunna shi a saiti. Jerin sunaye zai fito, ka zaɓi wanda ke da USB ko sunan filashinka. In bai fito ba, shiga saitin BIOS, galibi da F2, ko F10 a HP, ko Del a kwamfutar tebur, ka ɗaga USB ya zama na farko a jerin tashi. Sababbin kwamfutoci suna da wani mai gadi da ake kira Secure Boot. Ubuntu da Debian da Fedora suna wucewa ta gabansa ba matsala, amma in taka ta ƙi tashi, ana iya kashe shi a cikin wannan saiti.

In ta tashi, kada ka yi gaggawar ɗorawa. Linux Mint da Ubuntu suna ba ka damar gwada su daga kan filashi, ba tare da sun taɓa komai a cikin kwamfutarka ba. Gani ya kori ji. Gwada sauti, gwada Wi-Fi, gwada linzami, sannan kai da ke da shagon buga takardu, jona firintarka ka buga shafi ɗaya ka gani. In Wi-Fi ya ƙi, kamar yadda yakan faru da wasu na'urorin Broadcom, jona wayarka ta Android da igiyar caji, ka kunna raba intanet ta USB, daga nan sai ka sauko da direban da ake bukata. Za ka ji tana ɗan nauyi a wannan gwaji, wannan daga filashin ne, in an ɗora za ta fi haka sauri.

Na shida, ɗorawa. Tabbata batir ya cika kuma caja tana jone. In batirin ya mutu, ko kwamfutar tebur ce, to kada ka fara sai da janareta ko wata wuta da ka tabbata ba za ta ɗauke ba na tsawon awa guda. In wuta ta ɗauke ana tsakiyar raba ma'adana, za ka iya tashi ba Windows ba Linux. Za a tambaye ka harshe, da tsarin maɓallai, da garin da agogonka zai bi, wato Legas ga mutanen Nijeriya, Yamai ga mutanen Nijar. Daga nan sai shafin da ya fi kowane muhimmanci. Zaɓi biyu ne manya. Ɗaya yana cewa a ɗora Linux a gefen Windows, kowace da ɗakinta, in ka kunna ka zaɓi wadda kake so. Ɗayan kuma, wanda za ka ga an rubuta Erase disk a jikinsa, yana nufin a share ma'adanar kakaf. Ka tsaya a wannan shafi ka karanta sau biyu. In ka danna na biyun ka amince, duk abin da ke ciki ya tafi, kuma maido shi aiki ne mai wuya da tsada, wanda sau da yawa ba ya ma yiwuwa. Daga nan sai sunanka da kalmar sirri, wadda za ka riƙe da kyau don da ita ake ɗora kowace sabuwar manhaja. Cikin kamar rabin awa an gama, za ta ce ka cire filashi ka sake kunnawa.

Kai dai Malam, shawararmu ita ce ka fara da gefe da gefe. Dalili kuwa, sana'arka. Microsoft Word da CorelDRAW ba su da nau'in Linux. Akwai LibreOffice, wadda ke zuwa tare da Linux Mint, tana buɗe takardun Word tana kuma ajiye su, amma wani lokaci tsarin shafi yakan ɗan goce, kuma ɗalibin da ya kawo kundi ba zai ji daɗin ganin lambar shafi ta canja ba. Akwai Inkscape mai aikin zane, amma sai an koya. To, ka bar Windows a gefe saboda irin waɗannan ayyuka, ka daina shiga intanet da ita, ka riƙa hulɗar intanet da karɓar filashin mutane ta ɓangaren Linux, tunda ƙwayoyin cutar da aka rubuta don Windows ba sa tashi a can. Daɗin daɗawa, a cikin jerin tsarin maɓallai na Linux akwai na Hausa, na Nijeriya da na Gana, wanda zai ba ka ƙ da ɗ da ɓ ba tare da wahala ba.

Wasiƙa ta biyu daga Maraɗi take, ta wata malamar makaranta. Ta ce ita ba ta da wata kwamfuta mai aiki da za ta shirya filashi, tata Windows ɗin ta lalace ba ta tashi, waya kawai gare ta. To, Malama, wayar ma za ta yi, in Android ce. Ki sauke fayil ɗin ISO a wayar, ki sayi 'yar igiyar nan da ake kira OTG wadda ke haɗa filashi da waya, sannan ki nemi manhaja mai suna EtchDroid, ita za ta rubuta miki hoton a kan filashin. Ki tabbata wayar na da caji da isasshen fili. Kuma ga wani alheri. In kin tayar da kwamfutar daga filashi a matsayin gwaji, galibi za ki iya buɗe ma'adanar ciki ki kwashe sakamakon jarrabawar ɗalibanki da sauran takardu zuwa wani filashi, duk da Windows ta mutu. Ki fara yin wannan kafin ki ɗora komai.

Ta uku kuma daga Kumasi, wani bawan Allah ne da ke da tsohuwar kwamfutar tebur da ya ce ta haura shekara ashirin, kuma ya duba BIOS ɗinta kaf bai ga USB a jerin tashi ba. To, Malam, da farko ka soka filashin kafin ka kunna, sannan ka duba ƙarƙashin jerin ma'adanai, don wasu tsofaffin kwamfutoci a can suke lissafa filashi, kamar shi ma ma'adanar ciki ne. In babu, hanya biyu ce. In Windows ɗinta na tashi, akwai wata ƙaramar manhaja mai suna Plop Boot Manager da ake ƙarawa a jerin tashi, ita ce za ta miƙa ragama ga filashi. Hanya ta biyu, wadda ta fi tabbas, ita ce a ciro ma'adanar kwamfutar, wadda masu gyara ke kira had-dis, a sa ta a wata kwamfutar da ke tashi daga filashi, a ɗora Linux a can, a maido ta. Linux tana gane na'urorin da ta tarar a duk lokacin da ta tashi, don haka galibi ba ta damu da canjin gida ba. Amma a cire ma'adanar mai aron kwamfutar tukuna, kar a share masa tasa, kuma a ɗora ta da tsohon tsarin tashi na BIOS, domin tsohuwar kwamfuta ba ta san UEFI ba.

Sannan ka lura, kwamfuta mai waɗannan shekaru mai yiwuwa mai 32 ce. Linux Mint ta bar masu 32 tun fitowarta ta 20 a 2020, Debian ma da ta fito da ta 13 a watan Agusta na 2025 ba ta yi masu manhajar ɗorawa ba. Abin da ya rage maka shi ne Debian 12 ta 2023, ko antiX, wadda aka yi musamman don tsofaffin kwamfutoci masu RAM ƙasa da gigabait 1. Za ta yi maka rubutu da lissafi da koya wa yara, amma kada ka sa ran kallon bidiyo a intanet ba tare da tsaitsayawa ba.

Makarantun da ke da kwamfutoci da yawa a ɗaki ɗaya kuwa, akwai hanyar tayar da su ta igiyar sadarwa daga kwamfuta guda, ana kiranta PXE. Wannan sai wanda ya san aikin, kuma in masu sauraro suna so, za mu ware mata fili nata.

A taƙaice dai, jama'a, wanda gidan faifansa ya mutu kada ya damu, filashi mai kyau ya wadatar. Abin da za a riƙe shi ne a kwashe takardu a tabbatar da kwafin, a gwada kafin a ɗora, a tanadi wuta, a kuma karanta shafin sharewa a tsanake. Wanda ya kai wa mai gyara ma, ya tsaya a kansa har ya ga an kwashe masa kayansa da idonsa kafin a taɓa komai.

To, a nan za mu dakata saboda lokaci. Masu tambaya a kan wannan fanni, in za ku rubuto, ku faɗi sunan kwamfutar da lambar samfurinta da yawan RAM ɗinta, da kuma ainihin rubutun da ta nuna lokacin da ta tsaya, don mu san inda za mu kama. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.